Sanyi Ne, In Ji Ya Gana

Shafi na 27

Masu cewa na cika jan rai, na ji kuma na ɗauka. Wata har cewa ta yi in ban saki shafin nan yau ba, za ta biyo ni gida. Bismillah, ƙofa a buɗe take, amma ki taho da goro. Ke kuma da kika ce na tsani tsofaffi, ki daure ki karanta har ƙasa kafin ki yanke min hukunci.

Don sababbin shigowa, ga inda muka kwana. Azare ce, bazarar 1991. Fanna ta yi haihuwar fari, yau kwananta ashirin da ɗaya tana wankan jego a hannun kakarta Ya Gana, ungozomar unguwa, wadda ta raine ta ita da yayarta Zuliha tun rasuwar uwarsu. Ƙafafun Fanna sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Zuliha ta zo daga Katagum inda take aure, ta ga halin da ake ciki, ta saci jiki ta shigo da maƙwabciyarsu Maman Benedict, nas a babban asibiti, ta duba ta. Abin da nas ɗin ta faɗa ne ya hana Zuliha cin abincin rana.

*

Tun azahar rabin duro yake kan wuta a tsakar gidan Ya Gana, ruwa yana ta tafarfasa. Ana idar da la'asar Inna Kyallu da Hajiya Yalwa, maƙwabtan da suka saba taya tsohuwar aikin jego, suka kwashe shi da bokiti suka juye a babban baho cikin banɗaki. Ranar kuwa zafi ake yi irin na Azare, wanda kaji suke buɗe baki a gindin bango.

Ya Gana ta fito daga madafi, ƙwaryar kunun kanwa a hannun dama, a hagu damin ganyen darbejiya, wanda ake tsomawa a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa maijego a jiki. Ta nufi ɗakin Fanna, sai ta tarar da mutum a bakin ƙofa. Zuliha ce, ta ci ɗamara da gyalenta, ta tokare ƙofar da hannu biyu.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba, Kaka."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa.

"Kunnena ne ya fara tsufa, ko bakinki ne ya yi tsawo a Katagum?"

"Babu ko ɗaya. Yau Fanna ba za ta yi wanka ba, kuma ba za ta sha kunun nan ba. Asibiti zan kai ta. Motar mijin Maman Benedict tana ƙofar gida."

"Asibiti." Ya Gana ta maimaita kalmar kamar wadda ta tauna tsakuwa a shinkafa. "Maijego mai kwana ashirin da ɗaya za ki fitar iska ta buge ta? Mijinta ne ya ba ki izini?"

"Jalo yana Maiduguri da lodin wake, sai jibi. In ya dawo ni zan amsa masa."

"Ke a wa?"

"Ni a yayarta, ciki ɗaya."

"Ni kuma da na goya ku duka biyun fa? Bola ce ni?"

Zuliha ta juya, labule ta yaye da ƙarfi.

Fanna tana zaune a kan gado ta jingina da bango, filo biyu a bayanta, don kwana uku ke nan ba ta iya kwanciya. Da ta miƙe sai tari ya sarƙe ta. Jaririyarta tana barci a gefe, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado, ɗakin ya ɗauki zafi har bangon yana gumi. Yarinyar da a da in ta yi dariya sai an ji ta a layin baya, yanzu kafaɗunta ne suke ɗagawa suna sauka don neman iska. Wallahi duk wanda ya ga Fanna a ranar sai ta ba shi tausayi.

Zuliha ta durƙusa, ta ja zanen ƙanwarta zuwa gwiwa, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗauke. Gurbin yatsan ya zauna, kamar an danna tuwo.

"Duba, Kaka. Duba da idonki."

Ya Gana ta leƙa, ta gyaɗa kai.

"Na gani. Sanyi ne ya shige ta."

"Sanyi?"

"Sanyi. Ruwan jiya bai yi zafi ba, na faɗa wa Kyallu. Shi ya sa yau na sa aka ƙara itace, na ƙara kanwa a kunun."

"Kaka, wane sanyi? A watan da in kin ajiye ƙwai a kan dakali zai dahu?"

"Sanyin jego ba ruwansa da rana, jahila. Mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake. In ba a gasa ta ba sanyi ya shiga ya kumbura ta. Kin haihu sau uku, wa ya gasa ki?"

"Surukata. Kwana goma ta yi min ta ce ya isa, ga ni a tsaye." Zuliha ta miƙe. "Nas ta ce kanwar nan ce take tara mata ruwa a jiki, zafin ruwan kuma yana gajiyar da zuciyarta. Ta ce duk wankan da aka ƙara mata yanzu yana iya zama na ƙarshe."

Daga bayan Ya Gana aka yi wata dariya marar daɗi. Hajiya Yalwa ce, tana goge hannu da gefen zane. Ita Hajiya Yalwa Allah ya yi mata murya, in tana raɗa ma sai maƙwabta sun ji.

"Au, ashe baƙuwa aka shigo da ita ta buɗe mana yarinya? 'Yar Ibo ce za ta koya wa Ya Gana jego? Shekara arba'in da biyar matar nan tana yanke cibiya. Rabin mazan layin nan a hannunta suka faɗo."

"Hajiya, ban sa da ke ba."

"Ai dole ki sa da ni. Abin kunyar a kanmu zai ƙare. A ce jikar Ya Gana ta koma ɗakin miji ɗanya sharaf, ba ta cika arba'in ba? Ruɓewa za ta yi daga ciki. Wata uku ba za a yi ba Jalo zai fara toshe hanci, danginsa su yi ta yi da ita a gidan biki, a ce ga wadda ta gudu daga ruwan zafi."

A kan gado Fanna ta sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Yaya... ki bari kawai... a yi min."

"Yi shiru, Fanna."

"Kin ji ko?" in ji Ya Gana. "Mai jiki ta fi ki hankali. Matsa."

"Sai dai ki bi ta kaina."

Hayaniyar ta riga ta tsallake katanga. Kafin ka ce kwabo mata sun fara shigowa, wata da muciya a hannu, wata goyo ko gyarawa ba ta yi ba. Kun san halin unguwa, abin da bai shafe ka ba shi ya fi daɗin kallo. Sai dai wannan ya shafe su, duk da a lokacin babu wadda ta yarda da haka.

Zuliha ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Gara da kuka zo. Tambaya ɗaya zan yi muku. Mata nawa aka fitar daga layin nan a makara kafin su yi arba'in?"

"Kai, wannan yarinya!"

"A'uzubillahi, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

"Zan ƙirga muku tunda kun manta. Kaltume ta gidan Malam Jaji. Matar Hammawa mai shayi, wadda ko sunanta ba mu gama riƙewa ba. Uwata." Ta juya ta kalli Hajiya Yalwa. "Da Hansai."

Hansai 'yar Hajiya Yalwa ce, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta, ta rasu shekara shida da suka wuce da kwana talatin na jego.

"Dukkansu ƙafa ce ta fara kumbura," in ji Zuliha. "Sai tari, sai haki. Dukkansu aka ce sanyi ne. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Ku faɗa min wadda ta tashi a cikinsu bayan an ƙara."

Tas!

Marin ya sauka kafin kowa ya ga tahowar hannun. Hajiya Yalwa tana huci, idanunta jajur.

"Kar ki sake sa sunan 'yata a bakinki. Kwananta ne ya ƙare. Kwananta ne!"

"Hajiya, ban ce..."

"Me kika ce in ba haka ba? Cewa kike mu muka kashe su! Ku fitar min da ita kafin in yi mata illa!"

Nan fa aka yi mata ca. Wata ta kama hannu, wata ta kama ɗamara. Ya Gana ta dire ƙwaryar kunu da damin ganyen a bakin ƙofa, ta bi bayansu tana faɗa, "Ku kai ta waje. Ta koma Katagum ɗin da aka koya mata rashin kunya." Zuliha tana turjewa suna janta, har ɗankwalinta ya faɗi aka tattake shi. Haka suka ratsa tsakar gida da ita, suka wuce murhu, suka wuce turken awaki, sai bakin zaure.

A nan suka yi kiciɓis da Maman Benedict. Ta gaji da jira a mota ta shigo, ko fararen kayan aikinta ba ta cire ba.

"Ku sake ta mana. Haba Hajiya, haba Ya Gana."

"Ga munafukar nan," in ji Hajiya Yalwa. "Ke kika haɗa wannan wutar."

"Hajiya, shekarata goma sha huɗu a garin nan, tuwonku nake ci. Ni ban ce a daina wanka ba. Ruwan ɗumi ya isa, a bar kanwa. Yarinyar nan ruwa ya kai mata ƙirji, na sa abin awo na ji da kunnena. In ta kwana a haka..."

"Allah ne ke?"

"Ni ba Allah ba ce. Amma irinta nawa aka kawo mana a makare."

"To ki je ki yi wa 'yan garinku. Mu haka muka gada."

Zuliha ta fizge hannunta. Gefen bakinta ya fashe, ta goge jinin da bayan hannu, ta juya ga kakarta.

"Kaka, shekarata takwas aka kai ni Hardawa wurin gwaggona, aka ce in uwata ta yi arba'in za a dawo da ni. Na dawo na tarar da tabarmar makoki. Har yau babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min yadda ta mutu. Yau ina so in ji."

"An faɗa miki sau ɗari."

"Ki ƙara na ɗari da ɗaya."

Ya Gana ta gyara tsayuwa. Ku lura, uwar su Zuliha ita ce 'yar fari a wurinta, don haka tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda alkunya. Tana raye "waccan" take ce mata, da ta rasu ta koma "marigayiya".

"Marigayiya a kan gadonta ta cika, cikin barci, lami lafiya. Sanyi ne ya ci ƙarfinta, mun yi iya yinmu. Ga Kyallu nan, tare muke. Kyallu, faɗa mata."

Sai a lokacin aka tuna da Inna Kyallu. Tunda aka fara rigimar ba ta ce uffan ba, kuma ba ta sa hannu a jan Zuliha ba. Tana raɓe a jikin bangon zaure, bokitin da ta ɗebi ruwa da shi har yanzu yana hannunta.

"Kyallu, da ke nake."

Shiru.

"Kin kurmance ne?"

"Ya Gana," in ji Inna Kyallu a hankali, "ki yafe ni. Yau kam ba zan iya ba."

"Ba za ki iya me ba?"

"Shekara ashirin da ɗaya kina kirana shaida ina amsawa. Jiya da na riƙe yarinyar nan a banɗaki, ta ɗago ta dube ni. Idon uwarta na gani. Ban runtsa ba."

"Kyallu, ki kiyaye ni."

"Na kiyaye ki har na tsufa."

Ta ajiye bokitin. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to ranar ce ta zo wa gidan Ya Gana.

"Zuliha, uwarki ba a kan gado ta mutu ba."

"Rufe mana baki!" Hajiya Yalwa ta daka mata tsawa.

"Ku bar ta ta yi magana," in ji Zuliha. "Wallahi duk wadda ta taɓa ta sai dai a kwashe mu tare."

Inna Kyallu ba ta kalli kowa ba, ƙasa take kallo.

"Ranar Talata ce. Da hantsi ubanku Malam Zarami ya ɗauko malamin asibiti a bayan kekensa. Mutumin ya danna ƙafarta, kamar yadda kika danna ta Fanna ɗazu. Ya ce a daina kanwa, a daina ruwan zafi, a kai ta asibiti a ranar. Ya Gana ta ɗauki muciya ta raka shi har zaure, ta ce namiji ba ya shiga sha'anin jego. Ubanku kunyar suruka ta hana shi magana, ya bi bayansa."

"Ƙarya ne," in ji Ya Gana, amma muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Da la'asar muka shigar da ita. Ba ta iya tafiya, ɗaukarta muka yi. Da ta ga tururin sai ta riƙe ƙofa. Ta ce, 'Inna, ki yi wa Allah, ruwan nan ne yake kashe ni.' Ya Gana ta ce raki ne, in riƙe ta."

Inna Kyallu ta ɗago kai.

"Na riƙe ta."

Ta naɗe hannun rigarta. A damtsenta akwai tsohon tabo, zagaye, ya yi baƙi.

"Kun sha tambayata, ina ce muku jaki ne ya cije ni a Dagauda. Haƙoran uwarki ne, Zuliha. A fyaɗa ta bakwai ta sake ni. Na ɗauka haƙuri ta yi. Ya Gana ta ƙara biyu kafin mu gane."

Wata daga cikin matan ta saki salati.

"Muka goge mata jiki, muka ɗaura mata zane, muka kwantar da ita a gado. Muka zauna ni da Ya Gana muna kallon juna har aka kira magariba. Sannan muka fasa kuka."

Zuliha ba ta yi kuka ba. Ni da nake ba ku labarin na so ta yi, don abin da ya bayyana a fuskarta ya fi kuka muni. Kallon kakarta kawai take yi, matar da ta yi mata kitso, ta yi mata gara, ta raka ta har Katagum ranar aurenta.

Hajiya Yalwa ce ta fashe.

"Ƙarya kike, Kyallu! Tsufa ne ya taɓa miki kai! In haka ne, to Hansai fa? Iye? Hansai fa?" Ta cakumi wuyan rigar Inna Kyallu tana jijjiga ta. "Tunkiyata na sayar na sayi itace amalanke guda, don kar a ce na yi wa 'yata rowar wuta. Da ta kumbura ni da hannuna na ƙara. Tana cewa, 'Hajiya, ƙirjina,' ina cewa ta daure. Ki ce min sanyi ne! Ki faɗa a gaban mutane, sanyi ne!"

"Ban sani ba, Yalwa."

"Ki ce sanyi ne!"

Inna Kyallu ba ta ce ba. Hannun Hajiya Yalwa ya saki, ta sulale ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu biyu a ka. Uwar Kaltume ta gidan Malam Jaji tana cikin taron, ta juya ta fuskanci bango tana toshe baki da mayafi. Wata kuma ta tofar da yawu ta ce Allah ya isa tsakaninta da Zuliha, ta fice. Har gobe wannan matar ba ta gaisawa da 'yan gidan.

Ya Gana tana tsaye inda take. Kamar an zare mata laka, amma bakin bai mutu ba.

"Haka uwata ta yi min. Haihuwa tara na yi, wanka tara, ban mutu ba."

"Ke ba ki mutu ba," in ji Zuliha.

"Ɗaruruwa na wanke. Suna nan da ransu, ga su nan a tsaye."

"Waɗanda suke kwance nake tambaya."

"Don ta warke na yi. Ke kin san ciwon ɗa kuwa? Don ta warke na yi!"

"Ta roƙe ki."

"Duk maijego tana roƙo! In ka biye wa roƙonsu babu wadda za ta gasu!"

"Ta ce miki ruwan ne."

Tsohuwar ta dubi matan da suka kewaye ta, waɗanda ta yanke wa 'ya'yansu cibiya, tana neman wadda za ta tsaya mata. Kowacce ta kawar da ido. Ta dubi tafin hannunta, wanda ruwan zafi ya cinye har fatar ta yi kanta.

"In ba sanyi ba ne," ta ce, ba da kowa take ba, "to me na yi ke nan?"



"Falmata," in ji Ya Gana.

Matan suka zabura. Shekara hamsin babu wanda ya taɓa jin sunan 'yarta ta fari a bakinta.

"Falmata ta ce min ruwan ne."

Maman Benedict ta matsa za ta riƙe ta, tsohuwar ta ture hannun. Ta dubi Zuliha, idonta a bushe.

"Ki ce wani abu mana. Ki zage ni."

"Ba ni da abin ce miki, Kaka. Wannan tsakaninki da Allah ne. Ni ƙanwata nake so."

Ya Gana ta nuna ɗakin Fanna da hannu.

"Ɗauke ta."

"Ban ji ba."

"Na ce ki ɗauke ta! Ku kai ta inda za ku kai ta."

Zuliha ba ta jira a maimaita ba. Ta ratsa matan da gudu, Maman Benedict tana biye da ita tana cewa a ɗauko zane mai kauri da kayan jaririya. Suka wuce turken awaki, suka wuce murhu. Zuliha ta yaye labule.

"Fanna, tashi mu..."

Jaririya ce kaɗai a kan gado, tana barcinta. Filo biyu suna nan a jingine da bango.

"Fanna?"

Ta juyo. A bakin ƙofa ƙwaryar kunun tana nan, amma an shanye fiye da rabi. Damin ganyen babu shi.

Sai ta ji ƙarar daga can bayan ɗakuna.

Fyat.

Duk macen da ta taɓa jego ta san wannan ƙarar.

Fyat.

"Fanna!"

Ƙofar banɗakin ta langa-langa ce, an sa mata sakata ta ciki. Tururi yana fita ta sama. Zuliha ta daki ƙofar da hannu biyu.

"Buɗe! Fanna, buɗe ƙofar nan!"

"Yaya..." Muryar tana fita guntu-guntu. "Ku daina... faɗa saboda ni. Zan yi... da kaina."

"Kaka ta yarda! Ta ce a kai ki asibiti! Buɗe!"

"Saura... kwana sha tara kawai. Ba na so... a ce wa Jalo... ɗanya aka kai masa."

Fyat.

Ashe duk abin da aka faɗa a bakin zaure bai iso kunnenta ba. Maganar Hajiya Yalwa ta farko kaɗai ta ji, ita ta riƙe.

Matan suka iso a guje. Ya Gana ce a gaba, tsohuwar da rabonta da gudu tun kafin a haifi Fanna, zanenta yana ja a ƙasa. Ta ture Zuliha gefe, ta manna fuska a jikin langa-langar.

"Fanna, ni ce. Ajiye ganyen nan."

"Kaka... ruwan ya yi zafi yau... yadda kike so."

"Ajiye na ce! Ba sanyi ba ne! Kina jina? Ƙarya na yi miki, ba sanyi ba ne!"

Suka kasa kunne. Ba a sake jin fyaɗa ba.

"Fanna?"

Wani abu mai nauyi ya bugi bahon daga ciki. Ruwa ya kwararo ta ƙarƙashin ƙofa yana tururi, ya bi ta kan ƙafafun Ya Gana. Ko motsawa ba ta yi ba.

"Fanna, amsa min."

Shiru.

Tsohuwar ta juyo, ta dubi matan unguwar da suka yi cirko-cirko.

"Me kuke kallo? Ku ɗauko taɓarya ku ɓalle min ƙofar nan!"